Kwanon Ruwan Tsuntsaye

Tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da maigidanta, ya ɗauke masa magana, matar ta mai da bayan gida lambu saboda shi. Ta shuka furanni, ta bar ciyawa ta yi tsayi don malam-buɗe-littafi, ta ajiye tsohon kwanon wanki cike da ruwa dab da keken guragun da yake zama a kai, yadda tsuntsaye za su sauko ya gan su da kyau. Mutumin da ya ƙi abinci wata biyu, sai ga shi yana cinye kwano tas.

Tsoro ɗaya take da shi, kuma ba ta ɓoye ba. "Ranar da na ga maciji a nan, wallahi na nome wurin ƙarƙaf," haka take ce masa kullum.

Ran nan da hantsi tana wanke-wanke, sai ta ji kukan tsuntsayen ya sauya, ya koma ihu. Ta leƙa ta taga. Wani baƙin maciji ne ya gama shan ruwa a kwanon, yana bi ta kan ƙafar maigidan ta hagu, wadda ko allura aka soka mata ba ta ji. Kafin ta fito ya sulale cikin ciyawa.

Ta durƙusa tana duba ƙafar. A saman idon sawu ta ga ɗigon jini biyu, ƙanana. Sara ne, ko ƙayar furen da ta turo keken ta jikinsa da safe?

"Baban yara, dube ni. Ya sare ka?"

Ta sa hannunta cikin nasa mai lafiya. Haka suke hira yanzu: matsa ɗaya e, biyu a'a. Ya matsa sau biyu, da sauri.

Har ta fara ajiyar zuciya, sai ta lura ba ita yake kallo ba. Idonsa na kan kwanon, inda wani ɗan tsuntsu ya riga ya dawo. Shekara arba'in suna tare, ta san yadda yake kau da kai in zai yi mata ƙarya.

"Ba zan nome ba," ta ce. "Na rantse ko ganye ɗaya ba zan taɓa ba. Faɗa mini gaskiya."

 Ya matsa hannunta sau ɗaya. Ta jira ta biyun, ba ta zo ba.

Ta miƙe tana ƙwala wa maƙwabcinsu kira ya fito da mota.