Kalmar Sirrin Alhaji Lawwali

A shekarun da kuɗin mai ya sake tumbatsa, ƙungiyar manoman Faskari ta sayi babbar kwamfuta mai ajiyar bayanan 'ya'yanta. Ƙananan kwamfutocin da ke rumbunan taki na Ƙanƙara da Sabuwa sai sun tambaye ta kafin a ba mutum ko buhu guda. Sanusi, mutumin Damari, shi ke kula da ita, kuma wallahi yana ji da kanshi.

Abu biyu suka dame shi. Na farko, duk wanda ya zauna gabanta sai ta buɗe mashi, ba tambaya. Na biyu, in janareta ya yi tari tana cikin tashi, sai ta ci gaba a rikice ta ɓata bayanai. Ranar Alhamis ya gyara su. Daga yau, in saƙon ɗaukewar wuta ya iske ta tana tashi, ta koma ta kulle kanta, kada ta buɗe sai an ba ta kalmar sirri. Tsohuwar hanyar shiga kuwa ya toshe ta ƙam, har wadda shi kanshi yake shiga da ita.

To, wa zai zaɓi kalmar? Ga shugaban ƙungiya Alhaji Lawwali zaune, yaro ba zai riƙe mabuɗi babba na kallo ba. Sanusi ya russuna ya tura mashi allon dannawa, ya juya fuska bango don ladabi. Ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas. Alhaji ya ce an gama, kowa ya sa albarka. Sau ɗaya tak na'urar ta tambaya, don Sanusin bai ga dalilin wahalar da dattijo ba.

Asabar aka wayi gari ƙasa ta sha ruwa. Motar taki ta iso Sabuwa, direba ya ce in la'asar ta yi ba a sauke ba zai wuce da kayan wani gari, ga shi ba a saukewa sai babbar kwamfuta ta amince. Mutanen Damari suka yi layi, har da mahaifin Sanusi. A Faskari kuwa ana kunna kwamfuta janareta ya shaƙe. Ta kulle kanta tsaf, yadda aka koya mata.

Sanusi bai damu ba. Ya hau babur sai Daudawa, ya iske Alhaji a gona, ya gaishe shi, sannan ya roƙi kalmar a hankali.

Alhaji ya dube shi sororo. "Wace kalma?"

"Wadda ka danna shekaranjiya, Alhaji."

"Yo ni na san abin da na danna? Sanusi, ban iya boko ba. Ka miƙo mani abu gaban jama'a, in ce maka me?"

Sanusi ya tsuguna a wurin. Ya yi salati, ya sake yi. Shekara da shekaru yana ganin dattijon nan da tabarau yana duban takardu, ashe! Ya kira wanda ya haɗa masu na'urar a Kaduna, mutumin ya ce ana iya buɗe ta, amma sai ya zo da kanshi, kuma ba zai samu zuwa ba sai Litinin.

Yana nan tsugune bakin kunya, la'asar ta gota, wayarshi ta yi ƙara. Mahaifinshi ne, da wayar aro.

"Sun tada mota," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce wa mutane su kwantar da hankali, ɗana ne ke riƙe da abin. Yanzu duk ni suke kallo. Me zan ce masu?"