Ranar da Thelma ta Ɓace a Plovdiv

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna wannan tafiya, ni da Noreen da Thelma. Tare muka yi aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a garin Hull na Ingila, muna feraye dankali da wanke tukwane, har tsufa ya sallame mu ɗaya bayan ɗaya. Duk watan Nuwamba, lokacin da kuɗin jirgi ke karyewa saboda ba mai son fita cikin sanyi, sai mu ɗauki 'yan jakunkunanmu mu tashi ranar Juma'a, mu dawo Litinin.

Thelma ce mai zaɓen gari, kuma dokarta ɗaya ce: in maƙwabcinka ya taɓa jin sunan garin, to ba za mu je ba. Ita ta kai mu Kaunas, ta kai mu Olomouc, ta kai mu Szczecin, garin da har yau harshen Noreen bai iya faɗin sunansa ba. Takan yi wata uku tana bincike a waya, ta rubuta komai a takarda: lambar bas daga filin jirgi, inda mutanen gari ke cin abinci, ranar da ake shiga gidan tarihi kyauta. Mu dai namu bin baya ne da ƙorafi.

A shekarar da nake ba da labari, Plovdiv ta zaɓa, a Bulgeriya.

Mijinta Clive ne ya kai mu tashar jirgin ƙasa. Mutum ne marar yawan magana, amma ranar ya ja ni gefe ya miƙo mini fasfon Thelma da wani ƙunshin magani.

"Denise, ki riƙe mata waɗannan. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Maganin mene ne?"

"Hawan jini," in ji shi, yana kallon takalminsa.

A filin jirgin Manchester sau uku Thelma ta tambaye ni ina za mu. Na farko na ɗauka zolaya ce. A na uku Noreen ta kwashe da dariya.

"Ke tsohuwa, ke kika zaɓi garin fa! Ko kin fara shan giyar tun a gida?"

"Gwada ku nake yi, shashashai," in ji Thelma, ita ma tana dariya. Amma na ga ta buɗe jakarta ta rufe, ta sake buɗewa. Babu takardar da ta saba rubutawa. Da muka sauka, ni na yi ta tambaya har muka gano bas ɗin shiga gari.

Masaukinmu wani tsohon gida ne a gindin tudu, na wata mata mai suna Rositsa, wadda ta taɓa aikin jinya a Leeds, don haka tana jin yarenmu sarai. Ɗaki ɗaya ta ba mu mai gado uku, da taga mai kallon rufin gidaje da hayaƙin murhu.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. Muka hau tsohon gari, titunan duk manyan duwatsu masu santsi, maguna kwance a kowace ƙofa. Noreen tana tafe tana zagin gwiwarta tana zagin wanda ya shimfiɗa duwatsun. Thelma kuwa ranar garau take, tana gaba, tana nuna mana gidaje masu fenti shuɗi da ruwan goro, har na ce a raina jiya gajiya ce kawai. Wajen ƙarfe ɗaya muka shiga wani gidan shayi don Noreen ta huta. Thelma ta ce ta ga sabulun wardi a shagon da ke kusa, bari ta sayo wa jikarta.

"Minti biyar," in ji ta.

Muka shanye shayinmu. Nata ya huce. Noreen ta ce ai ta san hali, tana can tana ciniki da hannu kamar kurma. Da aka yi minti ashirin na leƙa shagon, mai shagon ta ce wata Baturiya ta shigo ta fita, ba ta sayi komai ba. Na kira wayar Thelma, sai ga wayar tana ƙara a kan teburinmu, ƙarƙashin hularta.

Muka rabu, Noreen ta yi sama tana ɗingishi, ni na gangara. A ƙasan tudun akwai wani dattijo a ɗan shagon jarida. Na nuna masa hoton Thelma a wayata. Ya duba da kyau, ya girgiza kai, ya faɗi wata magana. Na yi godiya na juya na koma sama. Yana ta ɗaga murya a bayana, na ɗauka jarida yake so in saya.

Awa biyu muna zagaye. Mun shiga coci biyu, mun leƙa wani tsohon dandalin wasanni na duwatsu, mun tambayi duk wanda ya tsaya. Ruwa ya jiƙa mu sharkaf. Noreen ta daina barkwanci, kuma a shekara talatin da na san ta ban taɓa ganin haka ba. Daga ƙarshe muka koma masauki don Rositsa ta kira mana 'yan sanda. Ina ba ta labarin inda muka duba, na ambaci mai jaridar.

"Yaya ya yi da kansa?" ta tambaya.

Na gwada mata.

Ta dafe ƙirji. "Wayyo, 'yar uwa! Ai a ƙasar nan girgiza kai shi ne i. Ya gan ta!"

Ta zari rigar ruwanta, muka bi ta. Dattijon na ganina ya fara faɗa yana nuni da hannu, Rositsa tana fassara: matar ta wuce ta gabansa ba hula, ta tsallaka babban titi, ta nufi kogi.

A wani wurin jiran bas muka same ta, kusa da gada. Wata mata mai sayar da banitsa, burodin nan mai cuku, ta fito mata da kujera ta lulluɓe ta da mayafinta. Thelma tana zaune riƙe da burodin, ba ta ci ba, gashinta ya manne a goshi. Ta ɗago ta dube ni.

"Denise, bas ɗin Hessle Road bai zo ba har yanzu. Mama za ta yi faɗa, na ce mata ƙarfe huɗu zan dawo."

Mahaifiyarta ta shekara ashirin da shida a ƙasa. Ni ma na je jana'izar.

Na durƙusa na kama hannunta, sanyi ƙalau. Na ce mata an soke bas ɗin yau, ta zo mu tafi da ƙafa. Ta tashi ba musu. Mai banitsa ta ƙi karɓar mayafinta, ta yi ta shafa bayan Thelma tana magana da Rositsa a hankali. Daga baya Rositsa ta ce mana matar cewa take yi nata mahaifin ma haka ya fara.

Da Thelma ta yi wanka ta kwanta, Noreen ta ƙwace wayata ta kira Clive a tsakar gida.

"Clive, maganin me ka ba Denise? Kar ka kuskura ka sake ce mana hawan jini."

Sai ya ce tun watan Afrilu likita ya gaya musu cutar mantuwa ce. Thelma ce ta roƙe shi kada ya faɗa mana. Ta ce in mun sani za mu riƙa kallonta kamar ƙwai a cokali, ita kuwa tafiya ɗaya take so ta ƙara yi yadda aka saba.

"Yadda aka saba?" Noreen ta daka masa tsawa. "Saura kaɗan mu dawo maka da gawa daga kogi! Kai wane irin mutum ne?"

"Matata ce ta roƙe ni, Noreen," in ji shi. "Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa roƙona komai ba." Sai muka ji yana kuka, Noreen ta miƙo mini wayar ta shige ciki.

Ranar Lahadi Thelma ta tashi da hankalinta cif. Ta ga mayafin mai banitsa a kan kujera, ta ga fuskokinmu, ta gane. Muna karyawa a kicin ɗin Rositsa ta ajiye cokali.

"Na yi abin kunya jiya, ko?"

"Ba ki yi komai ba, ƙawata," na ce.

"Kar ki yi mini ƙarya, Denise, ba ki iya ba." Ta juya wajen Noreen. "Ke kuma daina wannan kumburin, kamar an hana ki gado. Ban mutu ba tukuna."

"Da kin gaya mana," in ji Noreen.

"Da na gaya muku da kun zo?"

Noreen ta ci gaba da juya shayinta.

Thelma ta ce lallai sai mun fita, ba ta biya kuɗin jirgi don ta zauna a ɗaki ba. Muka sa ta a tsakiya, kowa ta riƙe hannu ɗaya, muka hau har ƙololuwar tudun inda ake ganin garin duka. Hazo ya rufe rabinsa. Ta tsaya tana kallo tsawon lokaci, ta ce ta yi niyyar baɗi mu je wani gari a Romaniya, amma sunan ya gudu. Ta yi ta lalube, leɓenta na motsi. Muka jero mata sunayen da muka sani, ta ce ba ko ɗaya. A hanyar saukowa ta tambaye ni ko mun kashe murhun makaranta kafin mu fito.

Litinin muka dawo. Clive yana jira a tasha. Noreen ta wuce shi ko gaisuwa babu.

Abin ya yi sauri fiye da yadda likita ya faɗa. Kafin bazara Thelma ta fita da rigar barci sau biyu, ta kuma bar tukunya a wuta har kicin ya kama. Clive ya yi iya ƙoƙarinsa, shi ma ba lafiyar kirki gare shi ba. A watan Satumba aka kai ta gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Nuwamba ta zo ta wuce, ni da Noreen ba wadda ta tayar da maganar tafiya.

Duk Alhamis nakan hau bas biyu in je wajenta. Wata rana ta gane ni, wata rana ta ɗauka ma'aikaciya ce, ta kawo mini ƙarar cewa dankalinsu bai dahu ba. Noreen sau biyu ta je. A na biyun Thelma ta ce mata, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Noreen ta fita ta zauna a mota, tun daga ranar ba ta koma ba. Na yi mata magana, muka yi cacar baki a waya, ta ce ni ce mai zuciyar dutse da nake iya kallo, na ce ita ce matsoraciya. Muka yi wata huɗu ba mu gaisa ba.

Makon jiya na gamu da ita a kanti, wajen layin madara. Ta rame, yanzu da sanda take tafiya. Muka tsaya kowa riƙe da kwandonta.

"Yaya take?" in ji ta.

"Ta yi ƙiba. An aske mata gashi."

"Clive fa?"

"Ya sa gidan a kasuwa. Zai koma wajen 'yarsu a Doncaster."

Ta gyara riƙon sandarta. Na ce mata bas ɗin ƙarfe goma nake hawa ranar Alhamis, in tana so. Ta ce za ta duba, gwiwar ce ba ta barin ta. Wata mata ta ce mu ba ta hanya za ta ɗauki madara, muka matsa, Noreen ta yi wajen biyan kuɗi.