Darasi na Goma Sha Biyu

"Kashe, kashe, ɗiyata, tarin ya shiga ciki," in ji Malam Sahabi.

Mufida ta danna, kwamfutar Malam ta daina ɗaukar murya. Karo na huɗu ke nan tun hantsi. Tsohon malamin lissafin, maƙwabcinsu da katanga kawai ta raba su, ya jingina da bangon zaure yana haki. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suna Gusau, ba mai leƙo shi sai ita da kwanon tuwo.

Sau biyu lissafi yana kayar da Mufida a jarrabawar fita sakandare. Ƙawayenta duk sun wuce makarantar jinya sun bar ta a Talata Mafara, abin yana cin ranta. Darussan da aka zubo a kwamfutocin makarantarsu kuwa, sai dai haƙuri! Wani Bature ne ke ta zuba kamar an biyo shi, ka kuskure a watsa maka jar alama, a wuce.

"Wagga ba koyarwa ba ta, kora ta," in ji Malam. Shi ya sa ya zauna ya sake tsara su da Hausa, daki-daki, da misalin fangalin albasa da gonar shinkafa a Bakolori. In ka ɓata, muryarsa ce za ta ce, "A'a, ba gaggawa. Mu koma baya kaɗan."

Sha ɗaya sun kammala, saura ɗaya, jarrabawa kuma saura mako uku.

"Malam, a bari sai kun ji sauƙi mana."

"Sauƙi na Allah na. Danna."

Bai kai rabi ba muryar ta shaƙe. Ranar Laraba bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar uku, ɗansa ya miƙo mata kwamfutar, wai Malam ya ce tata ce. Ta zauna gindin katangar, ta buɗe darasin ƙarshe. Bayanin ya yanke a tsakiya, tambayoyi goma suka fito. Ta bi su yadda ya saba da ita, ɗaya bayan ɗaya. Tara ta ci a jere, kwamfutar ba ta ce uffan ba.

Ta goman ma ta san amsarta sarai. Ta daɗe tana kallon ƙofar zaurensa da aka saka wa kwaɗo, sannan ta danna wadda ba ita ba.

"A'a, ba gaggawa," in ji Malam, har da ɗan tarin nan nasa. "Mu koma baya kaɗan."