Ƙaron Shekara Guda

Tsohon direba yana laluben sandarsa a bayan ƙofa sai mai babur ya yi sallama, ya dire masa kwali a bakin ɗaki ya wuce. Tun bai buɗe ba ƙamshin ya gaya masa abin da ke ciki. Ƙaron hano ne, irin wanda yake jiƙawa a kofi ya sha da safe saboda ciwon gwiwa. Ƙulli guda ne, amma ya kai girman kan jariri.

Ko minti biyar ba a yi ba 'yarsa ta kira. Ita kaɗai gare shi, tana aiki a wani gari mai nisa, kuma kullum maganarta a waya kamar wadda mota ke jira. Ta ce ita ta sa aka sayo masa na shekara guda, ta kuma tuna masa likita ya hana shi hawa bas da wannan ƙafar.

"Yanzu ba ka da abin da zai kai ka kasuwa, Baba. Ka zauna ka huta."

Ya sa mata albarka, don da zuciya ɗaya ta yi. Ya ajiye wayar, ya zauna bakin gado da hularsa a ka. Ranar Alhamis ce.

Tun rasuwar matarsa shekara huɗu da suka wuce, Alhamis kaɗai ce ranar da ya san da zuwanta. Sauran ranakun daga shi sai rediyo, sai ƙadangaren da ke zuwa shan ruwa bakin famfo. Maƙwabtan duk sababbi ne, gaisuwarsu ɗaga hannu daga cikin mota. Amma ran Alhamis yakan yi wanka ya kafa hula, ya hau bas zuwa rumfar mai ƙaro, ya sayi na mako guda, ƙwaya bakwai ba ƙari. Daga nan sai ya zauna a benci har la'asar suna tsokanar juna. Mai ƙaro na ce masa Sarkin Birki, wai shekara talatin yana tuƙi bai taɓa wuce mai keke ba. Shi kuma yana ce masa Boka. Ko ƙaron na yi wa gwiwar aiki, Allah masani. Shi dai ya san ran Juma'a ya fi jin sauƙi.

To yanzu ya je ya tare wa mutum benci ba sayayya? Ba zai iya ba. Bai taɓa fita ba dalili ba, kuma kunya yake ji a gane kaɗaici ne ya koro shi. Ya cire hular, ya daɗe yana juya ta a hannu. Can sai ya mayar, ya jefa ƙullin a leda, ya ja ƙofa.

Ya sami mai ƙaro yana tsintar ɓawo daga cikin tire. Tun kafin su gaisa mutumin ya tambaya ko yau ma birki ne ya riƙe shi a hanya. Direba bai yi dariya ba. Ya ce 'yarsa ce ta aiko masa da ƙaro, shi ne ya kawo a duba masa, don jabu ya yi yawa a gari.

Sai da ya ɗora ƙullin a tebur ya lura da ɗaurin. Jan zare ne, zagaye biyu, da ɗan baki da ake ja sau ɗaya ya warware. Shekara huɗu yana kwance irin wannan ɗaurin duk mako. Ashe a nan rumfar aka sayo shi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mai ƙaro ya dubi ƙullin, ya dubi tsohon da ke tsaye kan sanda da hularsa ta fita. Ya ja zaren a hankali. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta ga haske, ya gatsa, sannan ya jefa ta kan garwashi. Farin hayaƙi ya tashi, har mai sabulun da ke gefe ya waiwayo. Ko mai mura ya san wannan ƙaro nagari ne.

Mai ƙaro ya yamutsa fuska.

"Gauraye ne," in ji shi. "Akwai mai kyau, akwai na banza. Wanda ya sayar wa 'yarka wannan ba shi da tsoron Allah."

"Haka na yi zargi," in ji direba, muryarsa can ƙasa.

"Sai an tsince ɗaya-ɗaya. Ni kuma idona ba ya wuce bakwai a zama guda. Bar shi nan."

Ya ware bakwai ya ɗaure, ya tura sauran ƙarƙashin tebur, ya ɗauke tiren daga kan benci ya kakkaɓe wurin da tafin hannu.

"Wani makon ka zo da wuri, Sarkin Birki."

Direba ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce shi dai bai taɓa ganin boka mai raunin ido irin wannan ba. Har la'asar babu wanda ya ƙara kallon jan zaren a cikinsu.