Dogo Ya Je Ganin Noman Waje

Dogo ne shugaban ƙungiyar manoman yankinsu, kuma ba a banza aka zaɓe shi ba. Shi ya fara sare itatuwan gonarsa don tarakta ta samu hanya, ya sayar da shanunsa, ya rungumi takin zamani. Bayan girbi yakan banka wa karare wuta, gona ta yi fes kamar an share ɗaki. Don haka da aka ce ana neman manomi ɗaya ya je wata ƙasa ya ga yadda ake noma a can, babu wanda ya ja da shi.

A can aka kai shi gonar wata tsohuwa, wai duk ƙasar babu kamarta. Dogo ya sauka daga mota yana raba ido, yana neman injuna. Sai ga karare a zube, wake a cakuɗe da masara, kashin shanu ko'ina, itatuwa tsaye tsakanin kunyoyi. Ya zaci ba a iso ba tukuna. Tafinta ya ce ai wannan shi ne sabon tsari, masana sun sha wahala kafin su gano shi. Da tsohuwar ta tambayi yadda suke yi a ƙasarsu, Dogo ya yi gyaran murya ya ce su ma suna kan hanya.

Da ya dawo ya cika 'yan ƙungiya da labarin jirgi da girman otal. Zancen gona kuwa ya ce sai an natsu.

Kafin a natsu sai ga mutanen can sun zo rama ziyara. Suka tsaya bakin gonar Dogo, suna girgiza kai kamar masu ta'aziyya. Can wani ya hango gonar ƙanen Dogo, wanda Dogon ke kira malalaci a gaban kowa, don bai taɓa kwashe ko kara ɗaya ba, shanunsa ma a ciki suke kwana. Baƙin suka duru ciki suna ɗaukar hoto, suna damƙar ƙasa suna shinshinawa. Aka taso ƙanen daga barci a gindin itace.

"Yaya, me zan ce musu?"

"Ka ce ni na koya maka," in ji Dogo ƙasa-ƙasa.

Haka kuwa ya faɗa, tafinta ya fassara, aka tafa wa Dogo. Da damina ta gabato ya aiki matarsa gidan ƙanen ta roƙo kashin shanu amalanke biyu, ya ja mata kunne ta ce na 'yan barkononta ne.