Jirgin da Ba Shi da Bindiga

Shekara uku na yi ina sharhi kan sojojin ruwa a wani gidan rediyo a nan Bauchi, alhali ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne madatsar Gubi. Ni tela ne a Gwallaga, ilimin nawa duk a waya na tsince shi.

Wata Laraba aka haɗa ni a shirin da wani dattijo, Baba Elias, tsohon sojan ruwa da ke zaune a Inkil. Maganar wani sabon jirgi da aka sayo ake yi. Na gyara murya na ce an cuci ƙasa, don na duba hoton jirgin sama da ƙasa, ko bindiga ɗaya ban gani ba. Minti goma na kwashe ina faɗa.

Mai gabatarwa ta juya ga dattijon. Ya ce a hankali, "Malam Mijinyawa, ai wannan ba na yaƙi ba ne. Zurfin teku yake aunawa, don kada sauran jirage su kafe a yashi."

Na ce, "To, Baba, dama can nan maganata ta dosa." Mai gabatarwa ta kasa riƙe dariya, sai da aka sako talla.

Da muka fito na ba shi haƙuri. Ya ce in riƙa zuwa gidansa ranar Asabar da littafin rubutu. Wata biyu ke nan ina zuwa, har yanzu ba mu wuce sunayen jirage ba.