Rabon Naliaka

Kofin giyar ya daɗe a gaban Nanjala har kumfarsa ta kwanta. Ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma ture shi ba.

Lahadi ce da la'asar, a rumfar gasasshen nama ta Mama Wairimu da ke bayan ɗakunan ɗalibai a Nakuru. Bikin ranar haihuwar saurayinta Mutuma ake yi, ɗan ajin ƙarshe mai karatun shari'a, mai bakin da ba ya hutu. Abokansa sun cika tebur biyu, ga haƙarƙarin akuya, ga tuwon masara yana turiri.

Kowa a wurin ya san Nanjalar da, wadda take fara hawa tebur da rawa, ita ce kuma ta ƙarshen sauka. Mafarin abin ne ba su sani ba. A hutun Kirsimetin shekararta ta farko a jami'a, motar da ta ɗauko su ita da yayarta Naliaka zuwa gida Bungoma ta ƙwace ta faɗa kwari. Nanjala ta fito da ƙafafunta. Naliaka kuwa a kan cinyarta ta cika, suna jiran taimako.

Mutuma ne ya tsince ta bayan nan, kuma a yi masa adalci, ya so ta. Sai dai magani ɗaya tak ya sani. In ƙarar birki ta sa jikinta ɓari, ya miƙo kwalba. In ta ɗauko zancen haɗarin, ya toshe mata baki da wasa, wai rayuwa gajera ce. A haka aka ce sun dace da juna, har ana misali da su.

Wata safiya ta tashi da kai kamar an sara, ta nemi muryar Naliaka a zuciyarta ta rasa. Abin ya tsorata ta fiye da haɗarin kansa. Tun ranar ta daina sha, daɗin soyayyar ma ya bi giyar. Da safiyar ranar bikin nan Mutuma ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa budurwa yake so, ba gidan makoki ba. Ko ta dawo yadda take, ko kowa ya kama gabansa.

Ana cikin cin nama ya miƙe da sabuwar kwalbar wiski. Ya cika murfin ya tsiyaya a ƙasa, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

"Na magabata ne! Su sha, su bar mu mu sha!"

Aka kwashe da dariya. Ya miƙa wa Nanjala kwalbar.

"Madam, sai ke. Nuna wa 'yan iskan nan ba a musanya min ke ba."

Suka hau buga tebur suna kiran sunanta. Ƙawarta Chebet ta mintsine ta, ta raɗa mata ta kurɓa ko kaɗan ne, kada ta ba shi kunya.

Nanjala ta karɓa, ta miƙe. Ranta a ɓace yake, ba kaɗan ba.

"Matattu ake fara ba wa, ko? To nawa suna da yawa, murfi ba zai ishe su ba."

Ta karkata kwalbar.

"Wannan na Naliaka ne. Ruwa ta roƙe ni, Mutuma. Ta yi ta roƙona, babu ko ɗigo a wurin."

Bugun tebur ya tsaya. Ta ci gaba da zubawa, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Direba, wanda ya yi ta ba su haƙuri har muryarsa ta ɗauke. Wata tsohuwa mai kaji a kwando, wadda ba ta san sunanta ba. Wani soja da ya ba Naliaka kujerar taga. Wiskin na fantsama a takalmanta, ba ta tsaya ba sai da ta girgiza kwalbar ta ga babu saura. Can baya Mama Wairimu ta ajiye wuƙa ta yi alamar gicciye.

Mutuma ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Kin ci mutuncina a gaban mutane. Tashi ki tafi ɗaki."

"Ni? Ba inda za ni. Na gaji da zama inda ake ɓoye ni."

Ta koma kujerarta, ta share fuska da bayan hannu, ta ce wa Mama Wairimu a kawo mata shayi mai madara.

"Ban gama ba, akwai saura," ta ce masa. "In za ka iya ji da idonka biyu, zauna. In ba za ka iya ba, ka faɗa a gaban abokanka, na yafe."

Mutuma ya dubi abokansa, duk suka sunkuyar da kai kan farantansu.

Shayin ya iso mai bakin da ba ya hutu yana nan tsaye, hannunsa a kan bayan kujera. Nanjala ta hura, ta kurɓa, ta fara ba da labarin daga inda motar ta baro tasha.